BATIRIN BABUR: MUTUWA YAKE YI KO KASHE SHI MUKE YI?

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu masu sayar da kayan babur ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a Kafanchan



 Shugabanni sun nemi mu da muke harkar kayan babur mu ɗan ce wani abu a kan batir, saboda yawan ƙorafi da sa-in-sa da ake samu tsakanin mai saye da mai sayarwa, har wani lokaci sai dattawa sun shiga tsakani. Mutum ya sayi batir da azumi, kafin babbar salla ya dawo da shi a hannu yana cewa an cuce shi. Mai shago kuma ya rantse cewa sabo fil ya ba shi. To, wa ke da gaskiya? Sau da yawa dukansu biyu gaskiya suke faɗa, domin abin da ya kashe batirin yana can manne a jikin babur, ba wanda ya duba.

Kamar yadda kowa ya sani, garin nan garin sufuri ne tun daga 1927 da layukan dogo suka haɗu a nan. Amma a yau wanda ke kai mai ciki asibiti da tsakar dare, ya kai ɗalibi Gidan Waya, ya fito da buhun citta daga ƙauyukan Kwoi da Kachia zuwa bakin titi, shi ne babur. Kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka tashi, ga annobar da ta faɗa wa citta a daminar 2023 ta rage kuɗi a hannun mutanen karkara, sauya batir sau biyu a shekara ya zama asarar da take taɓa tukunyar gida. Shi ya sa muka ga maganar ta cancanci a zauna a kanta.

MENE NE A CIKIN BAƘIN AKWATIN NAN?

Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro irin wannan batir a 1859, kuma har yau asalin aikin bai canza ba: farantan dalma ne a jere cikin ruwa mai guba, wanda muke kira ruwan batir, wato asid da aka sirka da ruwa. Batirin da aka rubuta wa 12V a jiki yana da ɗakuna 6, kowane ɗaki yana ba da ƙarfin wuta bolt 2 da ɗan ɗoriya. In aka haɗa su, cikakken batir mai lafiya zai nuna bolt 12.6 zuwa 12.8. Ɗaki ɗaya tak in ya lalace, sauran biyar ɗin ba su da amfani.

Abin da muke so kowa ya riƙe daga wannan zama shi ne: batir rumbu ne. Gonar tana cikin inji, ita ce kwayil ɗin da ke samar da wuta idan inji yana juyawa. Tsakanin gonar da rumbun akwai mai awo, ɗan ƙaramin ƙarfen nan mai tsaga-tsaga da makanikai ke kira rektifaya. Shi ne ke daidaita wutar, ya auna abin da ya kamata ya shiga batir. Kowane danna sitata, kowane ham, kowace sigina, ɗiba ake yi daga rumbu. Tafiya kuma ita ce take mayarwa. In ɗiba ta fi zubi yawa, rumbu zai ƙare. In mai awo ya lalace yana ɗura fiye da kima, rumbu zai fashe. Duk maganar da za mu yi yau ba ta wuce wannan ba.

Lambar nan ta biyu da ke jikin batir, kamar 5Ah ko 7Ah, ita ce girman rumbun. Don mu gane ƙanƙantarsa: ƙwan babbar fitila mai wat 35 yana jan kusan amfiya 3. Ke nan a baburan da fitilarsu ke sha daga batir, in aka bar ta a kunne inji a kashe, batir mai 5Ah ba zai kai awa 2 ba ya zama fanko.

SHEKARA NAWA YA KAMATA YA YI?

Batir mai kyau a jikin babur mai lafiya, in ana kula da shi, yana iya yin shekara 2 zuwa 4. A ƙasar zafi irin tamu, ga aikin acaɓa na safe da yamma, wanda ya ci shekara 2 ya biya kuɗinsa, ba a bin sa bashi. Lalle kowane batir yana tsufa, domin duk ɗiba da zubi sai ɗan ɓurɓushin dalma ya zube daga farantan ya taru a ƙasa. Wannan ita ce mutuwar ajali, ba mai hana ta. Amma wanda ya mutu a wata 3 ko wata 6, wannan jama'a kashe shi aka yi, kuma makasan sanannu ne. Bari mu kawo su ɗaya bayan ɗaya.

NA FARKO: YUNWA

Wannan shi ne babban makashi. Idan batir ya ba da wuta, asid ɗin da ke cikin ruwan yana shiga jikin farantan ya zama wani farin gishiri-gishiri. In aka yi caji nan da nan, sai ya narke ya koma cikin ruwa, batir ya dawo yadda yake. In kuwa aka bar shi kwana da kwanaki ba caji, sai ya sandare. Iyayenmu mata sun fi mu sanin wannan: tukunyar tuwo in aka jiƙa ta da wuri, wanki ɗaya ya isa, in aka bar ta ta kwana biyu sai ƙanzo ya kama. Bambancin kawai shi ne ƙanzon batir ba ya kankaruwa. Duk inda ya kama, wannan wurin ya daina ɗaukar wuta har abada.

Ta ina yunwar ke shigowa? Ta hanya huɗu.

Akwai gajeruwar tafiya. Daga kasuwa zuwa tasha, a kashe, a sake danna sitata, daga tasha zuwa asibiti, a sake kashewa. Sitata na zuƙar wuta mai yawa a cikin daƙiƙa kaɗan, tafiyar minti 3 kuwa ba ta isa ta mayar da abin da aka ɗiba ba. Shawararmu ga 'yan acaɓa na cikin gari: a riƙa taimaka wa batir da kik, musamman tashin farko na safe. In an danna sitata kada a wuce daƙiƙa 5, a saki, a ɗan jira kamar daƙiƙa 10 kafin a sake. In sau uku bai tashi ba, laifin na fulogi ne ko na mai, a daina azabtar da batir.

Akwai kayan ƙawa. Rediyo mai lasifika, fitilu masu launi-launi, wurin cajin waya, ham irin na babbar mota. Kamfani ya auna gonar daidai da bakunan da za su ci, mu kuma muka ƙara baƙi ba mu ƙara noma ba. Mafi muni shi ne wanda aka jona kai tsaye a kan batir ba ta bayan makulli ba, wannan ko kana barci yana ci.

Akwai cire batir a kai ɗaki a kunna fitila ko a yi cajin waya idan an ɗauke wuta. Batirin babur an yi shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci a mayar masa nan take. Ba a yi shi don a tatse shi ƙarƙaf ba kamar na sola. Tatsa kaɗan irin wannan ta isa ta rage masa kwana.

Sai kuma ajiya. Batir ko ba a taɓa shi ba yana zubar da wutarsa da kansa, a lokacin zafi mai ruwa yana iya rasa kusan kashi 1 cikin 100 kowace rana. Mun ga wannan da idonmu sau biyu. A ƙarshen watan Maris na 2020 aka sa dokar zaman gida a Jihar Kaduna saboda cutar korona, sannan a ƙarshen watan Satumba na 2021 aka dakatar da hawan babur na wata 3 saboda matsalar tsaro. Duk lokacin da aka koma aiki, abin da aka fi zuwa nema a shagunanmu shi ne batir. Baburan lafiyarsu ƙalau, ba inda suka je, zama ne ya cinye batiran. Saboda haka mai tafiya aikin Hajji, ko fatauci Kudu, ko wanda rashin lafiya ta kwantar, ya sa a cire wayar baƙin kai, wato mai alamar ragi, a ajiye batirin a inuwa, a kai shi caji sau ɗaya a wata. Tayar da inji a tsaye na minti 2 ba caji ba ne, ɗiba ce ma aka ƙara yi.

NA BIYU: ƘISHIRWA DA MUGUN RUWA

Wannan ya shafi batir mai murafu, wanda ake ganin ruwansa ta jiki. Akwai layi biyu a jikinsa, na sama da na ƙasa. Ruwan ya zauna tsakaninsu. In ya sauka har kan farantan ya fito fili ya sha iska, wannan wurin ya lalace. A lokacin bazara, watan Maris da Afrilu, a duba duk mako biyu. Sauran lokuta sau ɗaya a wata ya isa.

To, a nan ne ake yin kuskuren da ya fi yawa. Abin da ke ƙafewa daga batir ruwa ne zalla, asid ɗin yana nan bai je ko'ina ba. Don haka abin da za a ƙara shi ne tataccen ruwa, wanda ake sayarwa a kwalba muke kira distil. Wanda ya ƙara asid a kan asid, kamar mai ƙara gishiri ne a miyar da ta ƙafe: ruwan zai yi kaifi ya cinye farantan. Asid sau ɗaya ake zuba shi a rayuwar batir, ranar da aka buɗe shi.

Haka nan ruwan rijiya, da na famfo, da na burtsatse, har da fiya wata na leda, duk suna da gishirin ƙasa da ƙarfe a narke a ciki wanda ido ba ya gani. Mu in mun sha lafiya lau, batir in ya sha ciwo ne. Kuɗin kwalbar distil bai kai na kwanon abinci ba, kuma za ta yi maka watanni.

Shi kuwa rufaffen batir, wanda muke kira busasshe, ba a buɗe shi, ba a ƙara masa komai. Duk wanda ya ce kawo a ɓalle murfin a yi masa allura, kuɗinka yake so. Amma a sani, da yake ba a iya mayar masa da ruwan da ya rasa, shi ya fi saurin mutuwa idan caji ya yi yawa. Wannan ya kawo mu ga na uku.

NA UKU: ZAFI DA CAJIN WUCE KIMA

Masana harkar batir suna da ƙa'ida: duk ƙarin zafi na maki 8 zuwa 10 a kan maki 25 na ma'aunin zafi, in ya ɗore, yana raba kwanan batir gida biyu. Mu nan Allah Ya rufa mana asiri, zafinmu bai kai na Sakkwato ko Maiduguri ba, amma babur da aka bari a tsakiyar rana tun hantsi har la'asar, abin da ke ƙarƙashin murfinsa ya wuce haka nesa. Inuwar mangwaro kyauta ce.

Mutane da yawa suna ɗora wa hunturu laifi, domin da sanyin safiyar Disamba da Janairu ne babur ke ƙin tashi, musamman wajen Kagoro da Manchok inda sanyi ke saukowa daga duwatsu. Gaskiyar magana, sanyi yana rage ƙarfin batir na ɗan lokaci, yana kuma sa baƙin mai ya yi kauri inji ya yi nauyin juyawa. Batir mai lafiya zai jure. Wanda zafin bazara ya riga ya ci rabinsa shi ne ke faɗuwa. Bazara ce ta yi sara, hunturu ya zo ya tarar da gawa.

Sai cajin wuce kima. Idan rektifaya ya lalace yana sakin wuta sama da bolt 15, batir zai riƙa tafasa a hankali. Alamominsa: ruwa na saurin ƙafewa, jikin batir na zafi ko ya kumbura, ana jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ƙwan fitila na yawan ƙonewa. Mai irin wannan babur ko batir goma ya saya, goman zai binne. A nan ne mafi yawan rigimar shago take fitowa: an sauya rumbu, an bar mugun mai awo a bakin ƙofa.

Haka kuma wajen masu caji. Ƙa'idar ita ce kashi ɗaya cikin goma na lambar da ke jiki: batir mai 5Ah a ba shi rabin amfiya na kamar awa 10. In aka jona shi a injin cajin batirin mota aka ce dawo bayan rabin awa, zai tayar maka da babur yau, amma an dafa farantan. Sauri ya haifi nawa.

NA HUƊU: GARGADA DA DAMINA

Wanda ke bin hanyoyin ƙauye ta wajen Jagindi, Godogodo ko cikin ƙasar Jaba da lodin citta ko doya ya san irin jijjigar da babur ke sha. Batir in ba a ɗaure yake tamau ba, yana tsalle a cikin gidansa, dalmar na zubewa daga farantan, wani lokaci mahaɗin da ke tsakanin ɗakuna ya tsinke. Irin wannan ne za ka ga jiya lafiya, yau ko ƙyas. In robar ɗaurin ta tsinke a sayi wata, a sa ɗan guntun tsohon tib a ƙasa da gefe ya zama matashi.

Ga kuma daminarmu mai tsawo, daga Afrilu har Oktoba. Laima da taɓo suna sa kawunan batir su yi wannan farin gari ko kore-kore, wuta ta kasa wucewa sosai, caji ma ya kasa shiga. Sau da yawa batirin da aka ce ya mutu, kansa ne kawai ya yi datti ko noti ya kwance. Maganin yana cikin madafin kowane gida: a jiƙa 'yar kanwa a ruwan ɗumi, a goge kawunan da tsohon buroshi, a kula kada ruwan kanwar ya shiga cikin ɗakunan, a tsane, a ɗaure, a shafa basilin ko giris kaɗan. Wajen cirewa a fara da baƙar waya, wajen mayarwa a ƙare da ita. Wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe a kai wa mai wayarin, kuma don Allah a daina maye fis da zaren waya ko takardar sigari. Fis mai gadi ne, in ya ƙone akwai dalili.

NA BIYAR: RANAR FARKO

Akwai batirin da tun ranar da aka saye shi aka rage masa kwana. Irin wanda ke zuwa a bushe da gorar asid ɗinsa daban, in an zuba ana so a bar shi ya huta rabin awa zuwa awa guda farantan su sha, sannan a yi masa caji a hankali har ya cika, kafin a ɗora a babur. Zubin asid kaɗai ba ya kai shi cika, yana tsayawa ne wajen kashi 75 zuwa 80 cikin 100. Amma me muke gani? Mai babur na tsaye, fasinja na jira, a zuba, a ɗaura, a danna. Batirin da ya fara aiki da yunwa, da wuya ya ƙoshi daga baya. Ɗan'uwa, in za ka sayi batir, ka saya da yamma ka karɓa da safe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

YADDA ZA A GANE MAI LAIFI

Da yake yawancin ƙananan baburanmu suna tashi da kik ko batir ya yi sanyi, mutum sai ya yi watanni bai san akwai matsala ba. Alamar farko ita ce ham: in muryarsa ta dishe idan inji na tsaye, ta dawo idan an ja mai, rumbu ya yi ƙasa. Haka in sigina ta daina ƙiftawa. Kada a raina wannan. Mai tafiya da dare a hanyar Zonkwa ba ham ba sigina, ransa da na fasinjansa ya sa a caca.

Gwajin nan da ake yi na haɗa kawunan biyu da waya ko sifana a ga tartsatsi, a bar shi. Yana lalata batir, kuma batir na fitar da iska mai kamawa da wuta, tana iya fashewa a fuskar mutum. Saboda wannan dalilin ne ma ba a kusantarsa da ashana ko sigari, balle a wurin caji.

Abin da ke raba gardama shi ne 'yar mitar nan ta masu gyaran rediyo. Gwaji uku ne, ba ya cin minti 5:

1. Da safe kafin a tayar da inji: bolt 12.6 ko sama, a cike yake. 12.2, saura kamar rabi, a kai caji yau. Ƙasa da 12, ya yi fanko. In ya tsaya wajen 10.5 ko bayan caji, ɗaki ɗaya ya mutu.

2. Lokacin danna sitata: in lambar ta faɗi ƙasa da 9.5, batir ya gaji.

3. Inji na aiki an ɗan ja mai: a ga 13.5 zuwa 14.5. In bai kai 13 ba, babur ba ya caji, a duba kwayil da rektifaya da wayoyi. In ya haura 15, rektifaya na dafa batir.

Wanda duk zai sayi sabon batir bai yi gwaji na uku ba, yana zuba ruwa ne a rariya.

TSAKANIN MAI SAYE DA MAI SAYARWA

Ba za mu ce duk batirin da ke kasuwa nagari ba ne. Akwai jabu, akwai mai ƙarancin dalma, akwai wanda ya daɗe a kanta da ruwa a cikinsa har ƙanzo ya fara kama shi. Dalma nauyi gare ta: in ka ɗaga biyu masu lamba ɗaya ka ji ɗaya sakayau, ka san inda aka rage. Araha ba ta ado. A sayi girman da kamfani ya sa wa babur, a nemi a gwada da mita a gaban ido, a karɓi rasit mai kwanan wata.

Mu kuma 'yan'uwa masu shago, kasuwa amana ce. Kowane shago ya ajiye mita. A gaya wa mutum gaskiyar daraja ta ɗaya da ta biyu, ya zaɓa da sanin abin da ya saya. A gwada cajin baburinsa kafin a ɗaura masa sabo. Cinikin rektifaya bai kai na batir ba, amma wanda ka tsamar daga asara shi ne zai kawo maka ƙaninsa gobe.

BAYAN YA MUTU FA?

Iyayenmu, a nan muke roƙon a ƙara buɗe kunne, domin wannan ya wuce maganar kuɗi. Mataccen batir ya fi mai rai haɗari. Dalma guba ce, kuma ta fi illa ga ƙananan yara da masu juna biyu. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta dakushe fahimtar yaro, kuma abin da ta ɓata ba ya gyaruwa. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗanon da zai sa a guje ta, ƙurarta kawai ta isa.

Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Can daga dutsen zinariya ta fito, wanda ake niƙawa a cikin gidaje. Amma a unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar ta ƙasar Senegal, tsakanin 2007 da 2008, yara 18 suka rasu, kuma dalmar daga tsofaffin batira ta fito, waɗanda mutanen unguwa ke fasawa suna tara dalmar don sayarwa. Dalmar da ke cikin batirin baburinka ita ce dai wannan. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Saboda haka kada a bar tsohon batir a tsakar gida ko bayan ɗaki inda yara ke wasa. Kada a fasa shi, kada a narka dalmarsa a murhu ko a tukunyar da za ta koma madafi. Kada a tuttular da ruwansa a kwata ko kusa da rijiya. Kada a mai da kwankonsa mazubin ruwan kaji. A mayar da shi shago a rufe yadda yake, a yi musaya a rage maka kuɗi. 'Ya'yanmu masu sana'ar gwangwan su ma a ja musu kunne: su sayar da shi ɗungurungum, su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kada su shiga cikin iyali da kayan aiki. In ruwan batir ya fallatsa a ido ko a jiki, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sannan a garzaya asibiti, ba a tsaya shafa manja ko wani abu ba.

ROƘONMU GA ƘUNGIYA

Muna da shawara uku, in shugabanni sun ga dacewarsu. Ɗaya, a sayi mita biyu ko uku a ajiye a wuraren da 'yan acaɓanmu ke tsayawa, a koya wa mutum biyu a kowane wuri yadda ake karanta ta. Biyu, duk rigimar batir da aka kawo gaban dattawa, kafin a saurari rantsuwar kowa a fara gwada cajin babur ɗin. Uku, a ware wuri guda mai rufi da makulli a kasuwa inda za a riƙa tara matattun batira, nesa da masu abinci da yara, har masu saye su zo su kwasa.

A taƙaice jama'a, a ciyar da batir da caji, a shayar da shi tataccen ruwa, a sa shi a inuwa, a ɗaure shi tamau, in ajalinsa ya zo a raba shi da yara. Wanda ya yi wannan, kuɗin batir guda a shekara ya dawo aljihunsa, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mun zo da mita, tana wajen sakatare. Duk wanda ya zo da babur, in an tashi ya tsaya a bakin ƙofa a gwada masa, ba ko kwabo. Masu tambaya kuma ga fili.

Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.